Dokar Ɗakin Baya

A unguwar nan kowa Iya yake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Daga bakin yaran da ta raina sunan ya fito, iyayensu suka ɗauka, masu gadi suka ɗauka, har ta kai in an kira ta da sunanta na yanka sai ta waiga ta ga ko da wata ake. Ta shigo unguwar da sauran ƙuruciyarta, ƙullin kaya a ka, takalmin roba a ƙafa, shekarar da mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya guda. Yau kanta ya yi fari fat, gwiwarta ta hagu sai ta yi ƙara kafin ta yarda ta miƙe, amma tana nan a ɗakin bayan gidan uwar ɗakinta Hajiya, wanda bango ɗaya ya raba shi da ɗakin janareta.

Unguwar ƙarama ce, layi biyu da ɗan lungu, an zagaye ta da katanga. Manyan ma'aikata ne suka gina ta: alƙali, likita, injiniyoyi, da mijin Hajiya da ya yi aikin banki. A lokacin wurin bayan gari ne, albashi ya isa mutum ya sayi fili ya ɗora bulo. Kowane gida cike yake da yara. In an taso daga makaranta, mai kiranka sai ya ɗaga murya ko da yana gefenka. Ƙwallo ta fasa gilashi, keke ya kayar da wani, a ruga da shi wurin Iya, don ita ce ta iya wanke ciwo ba tare da yaro ya tara mata jama'a ba.

A wannan zamanin ne masu gidaje suka zauna suka yi doka: ma'aikaci zai zauna a ɗakin baya shi kaɗai, ba mata, ba miji, ba 'ya'ya. Suka ce yaransu ma sun ishe su. Alƙali ne ya tsara ta da hannunsa. Iya ta kai 'yarta wurin yayarta, tana zuwa ganinta ƙarshen wata da sabulu da ɗan yadi. Yarinyar ta tashi tana ce wa yayar Inna, tana ce wa uwarta Iya, kamar yadda 'ya'yan mutane suke ce mata.

Yaran unguwa suka girma, suka tafi karatu ƙasashen waje ɗaya bayan ɗaya, ba su dawo ba sai hutu, daga baya hutun ma ya koma waya. Gari ya taso ya kewaye katangar. Gidan da aka gina da albashi, yau sabon likita zai ƙare aikinsa kaf bai tara kuɗin rabinsa ba, saboda haka babu mai ƙananan yara da ya isa ya shigo. Masu sayen kuwa ba zama suke yi ba. Mutum zai saya, ya ƙara wa katanga tsawo, ya kulle, ya ajiye maigadi yana gadin iska. Makarantar yara ta bakin ƙofa ta koma asibitin gashin ƙashi. Mai kanti ya daina kawo madarar jarirai, famfas ɗin da ke kan kantarsa yanzu na manya ne. Kuɗi dai bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi, sai dai daga waje yake zuwa. Yawancin tsofaffin sun mayar da gidajen da sunan 'ya'yansu don gudun rigimar gado, 'ya'yan kuma suka ɗauko wani kamfani yana kula da unguwar, shi ke biyan masu gadi, shi ke yanke ciyawa.

"Iya," in ji maigadin babbar ƙofa wata safiya, "kin lura? Motar makaranta ta manta hanyarmu. Ta asibiti kuwa ba sai an yi mata kwatance ba."

"Kai dai buɗe musu ƙofa, ka rufe bakinka."

"Ni da ke ne matasan unguwar nan fa. Ki riƙa kwalliya."

Iya da ta goya 'ya'yan Hajiya huɗu, yanzu Hajiyar take raino. Shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da ita bayan rasuwar maigidan. Iya ce ke yi mata wanka, ita ke juya ta kada bayanta ya yi gyambo, ita ke ba ta shayi da cokali tana goge gefen bakin da ya karkace. Harshen Hajiya ya yi nauyi, amma kaifinsa yana nan.

"Wannan shayin ko ruwan wanke kofi?"

"Likita ya ce a rage sukari."

"Likitan ya zo ya sha."

'Yar Iya ta rasu a farkon shekarar, bayan jinyar da ba ta daɗe ba. Iya ta je, ta yi kwanakin da aka ba ta, ta dawo ta tarar da bayan Hajiya ya fara ja. Yayar Iya kuwa, wadda ta riƙe 'yar, ta riga ta rasuwa. Watanni bayan haka, da rana tsaka, maigadi ya aiko cewa tana da baƙo a ƙaramar ƙofa, wadda ma'aikata ke bi. Surukinta ne, direban babbar mota, idanunsa jajur, da yarinya 'yar shekara uku saɓe a kafaɗa da leda a hannu.

Ya durƙusa ya gaishe ta, bai tashi ba. "Iya, na yi iya ƙoƙarina. A mota nake kwana. Tsohuwata ba ta gani sosai, jiya a bakin titi aka tsinto yarinyar nan. Ba ni da inda zan kai ta."

"Ka san nan ba a zama da yara."

"Na sani, Iya."

Ya sauke ta, ya ajiye ledar, ya ce zai riƙa leƙowa. Yarinyar ba ta yi kuka ba. Ta kama bakin zanen Iya tana wani ɗan gurnani a maƙogwaro, kamar tsuntsuwa a kan reshe. Maigadi ya leƙo ya ce, "Wannan ai kurciya aka kawo miki." Sunan ya bi ta.

Iya ba ta iya ɓoye-ɓoye ba, kai tsaye ta shiga da ita ɗakin Hajiya.

"Wannan kuma kayan wa?"

"Nawa ne, Hajiya."

"Kin san doka."

"Na fi kowa saninta."

Kurciya ta saki zanen, ta taka zuwa bakin gado, ta kama hannun Hajiya wanda ya mutu, tana buɗe yatsun ɗaya-ɗaya, suna komawa suna naɗewa. Abin ya ba ta dariya. Hajiya ta daɗe tana kallonta.

"Ji marar kunya. Ta samu abin wasa." Ta juyo da ido wurin Iya. "Ki ajiye ta a baya. Ranar da manajan kamfani yake zagaye, kada ta fito. In Auta ya kira, ko tarinta kada in ji."

Auta shi ne ɗan Hajiya na ƙarshe, gidan da sunansa yake, shi ke turo albashin Iya da kuɗin magani. Shi ne kuma wanda Iya ta fi daɗewa da shi goye a baya, don ya zo da laulayi. Lokacin da ƙyanda ta kama shi, a ƙirjinta ya yi jinyar, uwarsa na wurin aiki.

Yarinya ba kaza ba ce da za a kifa mata kwando. Kafin mako ya zagayo, Alƙali, wanda yake fitowa da sandarsa kowace safiya yana taka layin, ya ci karo da ita a bakin ƙofar gidan tana tsintar furen da ya zubo. Iya ta fito da gudu.

"Ranka ya daɗe, jikata ce. Kwana biyu za ta yi."

"Kwana biyun ma'aikata ko na alƙalai? Namu yakan kai shekara." Ya sunkuya da ƙyar. "Ke, amarya, ba a gaida miji?"

Kurciya ta kalli sandar, ta kalle shi. "Kai tsoho ne."

"To, an fara. Tun ba a kai ki ɗaki ba."

Daga ranar hanyar Alƙali ta koma ta ƙofar Hajiya, aljihunsa da biskit. Matar likita, wadda ta shekara ba ta taɓa keken ɗinkinta ba, ta sa aka sauko mata da shi, ta ɗinka riguna har da aljihu. Wani tsohon injiniya da ba ya magana da kowa ya fito da gwangwanin mai ya zuba wa lilon yaran unguwa da ya yi tsatsa, ya tsaya daga nesa yana jin ƙararsa. Mai kanti ya sake kawo alewa, kwalba ɗaya. Babu wanda ya ambaci doka. Ranar zagayen manaja, maigadi yakan buga ƙarfen ƙofa da dutse, Iya ta ja Kurciya ɗaki ta kunna mata rediyo ƙasa-ƙasa, tsofaffi kuma kowa ya shige gidansa da fuskar wanda bai san komai ba.

Ita Hajiya har abinci ta fara ci da kyau, don Kurciya takan zauna a gefen gadon tana buɗe baki duk lokacin da cokali ya taso, sai an yi rabo, ɗaya nata ɗaya na Hajiya.

"Wannan 'yar za ta ƙarar da ni," in ji Hajiya. "Ƙaro."

Abu ɗaya ne ya hana Iya sakewa. Ɗakin baya ba shi da taga sai ɗan rami a sama, kuma in an ɗauke wuta hayaƙin janareta ta nan yake shigowa, ya kwanta a ƙasa, daidai inda suke shimfiɗa katifa. Kurciya ta fara tari, irin mai fito a ƙirji. Iya ta san wannan tarin, ta yi jinyarsa a jikin yara da yawa. A ɗakin ajiya na sama kuwa akwai ƙaramin gadon Auta, mai ƙafafu dogaye da shinge da gidan sauro, an rufe shi da tsohon labule. In ta sa shi a baranda ta wajen kicin, yarinyar za ta sha iska.

"Ki ɗauka mana," in ji Hajiya.

"Kayan Auta ne. Kuma makullin sama yana wurin manaja tun da aka yi lissafin kayan gidan. Sai Auta ya ce a ba ni."

"To a bar shi. Ki ɗora ta a kujera."

"Hajiya, Auta ne fa. Ni na yaye shi. Don gadon da ya yi wa fitsari zai hana ni?"

"Iya." Hajiya ta yi ƙoƙarin ɗago kai. "Autan da kika goya kika sani. Wannan na cikin wayar ba ki san shi ba. Ni da na haife shi ma sai na shirya maganata kafin ya kira."

Iya dai a ranta ba ta yarda ba. Duk tsawon zamanta a gidan nan ba ta taɓa ɗaukar ko allura ba tare da ta tambaya ba, kuma ba ta taɓa ɓoye wa yaran da ta raina komai ba, ita da ta koya musu cewa mai ɓoye abu shi ne marar gaskiya. Ɓoyon ma ya fi hayaƙin damunta.

Ranar hutun ƙarshen mako Auta ya kira kamar kullum. Iya ce ke riƙe wayar a gaban fuskar Hajiya. Aka yi gaisuwa, aka yi zancen magani da na hawan jini, ya nuna 'ya'yansa biyu suka ɗaga hannu suka gudu. Da idon Hajiya ya fara lumshewa, Iya ta fita da wayar zuwa kicin, ta jawo ƙofa.

"Auta, ka rame. Ba ta ba ka abinci ne?"

Ya yi dariya. "Iya kenan. Ƙiba ce ma likita ya ce in rage. Ya gwiwar?"

"Tana nan tana gaishe ka. Tsaya ka ga wata." Ta ɗago Kurciya ta saita ta da wayar. "Gaida kawunki."

"Ikon Allah! Ta marigayiya ce? Kai, ga idon nan sak. Allah ya raya, Iya. Tun yaushe take nan?"

"Ai ta kwana biyu. Uban ya kasa. Dama gadonka na sama nake so ka sa a ba ni, tari take yi."

"Haba Iya, har sai kin tambaya? Yau zan gaya wa manaja."

Ta koma ɗakin Hajiya fuskarta a sake. Hajiya ba barci take ba. Ta kalle ta, ta kalli wayar, ta rufe ido.

Washegari manaja ya zo da kansa, ranar da ba ta zagayensa ba, maigadi bai ma samu damar buga ƙarfe ba. Saurayi ne mai ladabi, da rigar kamfani. Ya buɗe ɗakin sama, ya sa aka sauko da gadon, ya taya ɗaurawa. Sannan ya tsaya yana kallon Kurciya tana hawa tana sauka.

"Iya, an ce in sanar da ke za a yi taron masu gidaje a kan maganar."

"Wace magana?"

Ashe Auta bai yi da mugun nufi ba, ko kuma haka ya ce daga baya. Tambaya kawai ya jefa a zauren da masu gidaje suke hira ta waya: in yarinyar ma'aikaciya ta ji ciwo a cikin unguwa, alhakin yana kan wa, mai gida ko kamfani? Kafin gari ya waye a inda yake, maganar ta yi rassa. Wani ya ce in aka bar ɗaya, gobe kowane direba da kuku zai kwaso iyalinsa. Wata ta ce ita tana shirin sayar da nasu gidan, kuma abin da masu saye ke biya shi ne shirun wurin.

A ɗakin jiran asibitin gashin ƙashi aka yi taron, inda a da yara suke taruwa da safe. Har yanzu akwai zanen giwa a bango, an shafa fenti a kai amma hancin ya ƙi ɓacewa. Tsofaffi suka zo, wasu da sanda, wasu a keken guragu, masu aikinsu suka tura su suka koma bakin ƙofa suka tsaya. Manaja ya jera wayoyi a kan tebur, ya jingina kowace da robar ruwa. Fuskokin da ke cikin wayoyin sun fi na ɗakin yawa. Iya ta san su duka. Ga wanda ta cire wa ƙaya a ƙafa, ga wadda ta yi wa kitso ranar da za ta fara makaranta.

Alƙali ne shugaba tun asali, shi ya buɗe. Ya gyara murya irin ta da.

"Dokar nan ni na tsara ta. Na tsara ta ne lokacin da yara suka yi mana yawa. Yau ku duba ɗakin nan. Wanda ya fi ƙuruciya a cikinmu da haƙoran roba yake cin nama. Ina ganin a yi wa dokar gyara, ko a yi wa yarinya ɗaya uzuri. Ni dai ƙuri'ata..."

"Baba." Muryar 'yarsa ce daga wayar tsakiya, tana yankewa tana dawowa. "Baba, yi haƙuri. Ƙuri'a ta mai gida ce. Gidan da sunana yake, ka manta?"

Alƙali ya zauna a hankali, ya ɗora haɓarsa a kan sandar.

"Ku ji 'yan banza!" Hajiya ce daga kekenta, maganar na fita a karkace. "Wa ya wanke muku kashi? Ku da ko gawarmu sai dai ku gani a waya!"

"Mama, don Allah, jininki," in ji Auta. "Manaja, a ba ta ruwa. Ina Iya? A matso da ita in gan ta."

Aka matsa mata ta shigo. Ba ta taɓa tsayawa a tsakiyar taron masu gida ba, ta rasa inda za ta sa hannuwanta.

"Iya, kowa a nan ya san ke uwa ce a wurinmu. Ba wanda yake korar ki. Mama ba za ta iya rayuwa ba ke ba. Akwai gidan rainon yara mai kyau, na kwana, da likitansu da komai. Ni zan ɗauki nauyi har ta gama makaranta. Kina zuwa ganinta duk ƙarshen wata, direba ya kai ki."

Iya ta kalli ƙaramar fuskar da ke jingine da robar ruwa. "Auta, shekararta uku."

"Daga biyu suke karɓa, Iya. Na bincika."

Aka kaɗa ƙuri'a. Manaja yana kiran lambar gida, waya tana amsawa. Tsofaffin da har yanzu gidajensu ke hannunsu ba su da yawa, matar likita ta ɗaga hannu a bar yarinyar, injiniya ma haka. Sauran suka sunkuyar da kai, kowa yana jin muryar ɗansa tana fita daga tebur. Masu wayoyi suka rinjaya, aka ba Iya zuwa ƙarshen wata ta fitar da yarinyar. Wayoyin suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, wasu da "a gaida su Mama".

Kwanakin da suka biyo baya, Alƙali ya daina biyowa ta layin. Lilo ya yi shiru. Kurciya takan tsaya a bakin ƙofa da safe tana leƙe, ta dawo ta ce, "Iya, mijina bai zo ba."

Hajiya ba ta ta da maganar ba sai wata safiya da Iya take goge mata baya da tawul mai ɗumi, fuskarta na kallon bango.

"Na ce miki kada ki gaya masa."

"Kin ce."

"To yanzu fa?"

Iya ta matse tawul ɗin a cikin roba. "Akwai wata mai wanki a asibitin cikin gari, mun san juna a wurin karɓar maganinki. Ta ce ɗakinta zai ɗauke mu, in ina taya ta wankin."

"Da wannan gwiwar? Ke da ko bokiti sai an ɗora miki?" Numfashin Hajiya ya yi sama. "Gidan rainon nan fa ba kurkuku ba ne. Za ta ci mai kyau, ta yi karatu. Me za ki ba ta a ɗakin mai wanki? Ki zauna, Iya. Mu ƙarasa tare. Saura nawa ne?"

"Uwarta ma ƙarshen wata nake zuwa ganinta. Da na je jinyarta, in na taɓa ta sai ta ce, 'Bari, Iya, kada ki wahala.' Kamar baƙuwa ta zo dubiya."

"Ni kuma wa zai juya ni?"

Iya ta sa hannu ɗaya a ƙarƙashin kafaɗa, ɗaya a ƙugu, ta juyo da ita kamar yadda ta saba. Fuskar Hajiya a jiƙe take, ɓarin da ke motsi da wanda ba ya motsi.

"Shekarun nan duka," in ji Hajiya, "ban taɓa roƙon ki komai ba."

"Ba ki taɓa ba, Hajiya."

"Yau na roƙe ki."

Iya ta ɗauko rigar da ta goge, ta fara sa mata ta hannun da ya mutu.

Kamfani ya turo ma'aikaciyar jinya ranar ƙarshe, yarinya mai fararen kaya da safar hannu. Iya ta nuna mata komai: inda fatar ta fi saurin ja, yadda ake tallafe kai, cokalin da bakinsa bai da kaifi, da cewa in Hajiya ta zagi shayi to ya yi mata daɗi ne. Yarinyar tana gyaɗa kai tana duba wayarta. Ta ce ita aikin rana aka ba ta, wata ce za ta riƙa karɓarta, kuma ana canza su duk bayan 'yan makonni.

Da Iya ta shiga sallama, Hajiya ta sa an juya ta bango.

"Hajiya, za mu tafi. A yafe mini."

Kurciya ta zagaya ta kama yatsun nan tana buɗewa.

"Fitar da ita," in ji Hajiya, ba ta juyo ba.

Gadon Auta yana baranda, Iya ta naɗe gidan sauron ta rufe shi da labulensa. Kayanta jaka biyu ne da rediyo. Ta goya Kurciya, abin da gwiwar ba ta so ba, ta bi layin a hankali. Ba kowa a waje sai mai yanke ciyawa. A gidan Alƙali labule ya motsa, ya koma.

A ƙaramar ƙofa maigadi ya tare ta, yana kallon ƙasa. "Iya, ki gafarce ni. Ma'aikaci in zai fita da kaya sai an duba. Ga na'urar ɗaukar hoto can tana kallona."

Ta sauke jakunkunan ta zuge masa. Ya ɗaga zannuwa biyu, ya taɓa rigunan da matar likita ta ɗinka, ya mayar da sauri. Ya ɗauki jakunkunan da kansa har bakin titi, ya ajiye, ya tsaya kamar zai yi wasan da ya saba, bai samu ba, ya koma.

Motar haya ta tsaya tana sauke masu aikin safe, kuku da direbobi da masu shara, suna ta nufar ƙaramar ƙofa. Wata matashiya ta sauko ƙarshe, da 'yar jaka a hammata, tana kallon katangar da bishiyoyin da suka leƙo ta samanta. Ta matso ta gaida Iya.

"Baba, don Allah nan ne ake neman mai kula da tsofaffi? An ce har ɗaki suna bayarwa."

"Nan ne. Kina da yara?"

"Biyu. Ƙaramin bai daɗe da yaye ba."

Iya ta dube ta, ta gyara goyonta. Kwandasta yana buga jikin mota yana kiran masu shiga gari.

"Wa zai riƙe miki su?"

"Ƙanwata ta ce za ta gwada. Na ɗan lokaci ne, kafin in tara wani abu."

Iya ta buɗe baki za ta yi magana, kwandasta ya riga ya jefa jakunkunanta ciki. Ta nuna wa matashiyar ƙaramar ƙofa da haɓa, ta kama ƙarfen motar da hannu biyu, ta ja gwiwar ta hau. Babu wurin zama. Kurciya ta fara tari a bayanta, motar ta tashi.